Tela da Daɓen Tafki

Zauna ka ji wani misali, kai da kullum hannunka ke ƙaiƙayin gyara.

A wani gari akwai tsohon tafki a bayan kasuwa. Kakanni ne suka haƙa shi, suka jera masa matakala ta dutse, tun ba a san famfo ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya ƙafe. Mazan unguwa suna da ƙungiyar motsa jiki a bakinsa. Da an sallame asuba sai su taru, mahauci da direba da malamin makaranta, su zaga shi a guje, masu iyo su faɗa. A cikinsu akwai wani tela da ciwo ya taɓa kayarwa, ƙafarsa ta dama ta mutu, ita ce kuwa mai taka masa keken ɗinki, ita ce tuwon gidansa. A asibiti aka ce ya riƙa tafiya cikin ruwa. 'Yan ƙungiya ke ɗauko shi kullum, biyu su riƙe shi ta hammata, suna tsokanarsa wai ya fi buhun gero nauyi, ga shi bai kai shi daraja ba. Wata bakwai ana haka, ƙafa ta dawo, keke ya koma kuka a shago. To mutumin kirki ne, ba ya iya cin alheri ya goge baki. Ya rasa da me zai saka wa ruwa. Da bazara ta kai ƙarshe, ruwa ya koma tsakiya iya gwiwa, sai ya ce a yashe tafkin yasar da ba a taɓa yi ba, ya ƙara zurfi, kowa ya samu wurin nitso.

Da can tsofaffi ke yasar, da hannu da ƙwarya, su kwashe laka ta sama su tafi abinsu, don iyakar ƙarfinsu ke nan. Waɗannan kuwa ƙarti ne, ga diga ga shebur ga baro, ga gasa, kowa na so a ce shi ya fi fitar da ƙasa. Ran kwana na uku suka kai ga wata baƙar ƙasa mai danƙo, a shimfiɗe sumul. Wata tsohuwa maginiyar tukwane ta zo wucewa da kaya a ka, ta tsaya ta ce, "Kai mai ɗinki! Wannan ba datti ba ne, daɓe ne. Ka taɓa ganin an kankare gindin randa don ta ƙara cin ruwa?" Tela ya share gumi ya ce, "Inna, bar wa maza aikinsu. In mun gama, ke za ki fara wanka." Aka yi dariya. Ta dube shi irin duban da mai kaya ke yi wa wanda ya yi tayin wulaƙanci, ta gyara gammo ta wuce. Suka ci gaba, ba su tsaya ba sai da farin yashi ya fito, suka ce yauwa, yanzu aka yi tsabta. Ruwan farko ya sauka, tafki ya cika har baki, tela ya raba goro. Washegari aka ga ruwa ya ja baya, matakala ɗaya a waje. Jibi biyu. Kwana tara, sai kwaɗi a kan yashi. Duk daminar nan haka aka yi, sama ta zuba, ƙasa ta shanye.

Shi da kansa ya je gidan tsohuwa ya tsuguna a ƙofa. Ba ta goranta masa ba, amma ba ta yi masa ragi ba ko na anini. Ta ce yumɓu daga fadama za a ɗauko, kuma ba a zuba shi gaba ɗaya. A shimfiɗa kaurin tafin hannu, a jiƙa, a tattake da ƙafa ba takalmi, a bari ya kama, sannan a ƙara wani. Suka nemi ta rage musu hawa, ta ce ai ba ita ta fasa ba. Shekara biyu ƙungiya ta bar gudu ta koma taka yumɓu, ba kuma wanda ya ce wa tela kai ka jawo, don kowa ya san hannunsa na cikin diga. A damina ta uku tafki ya riƙe ruwa. Sai dai ƙafa ba ta jira ba. Shekara biyu babu ruwan tafiya, ta sake sandarewa, da tafki ya cika aka mai da shi cikin ruwa aka yi ta yi, ba ta dawo kamar da ba. Yau da hannu yake juya keke, rigar yini ɗaya ta koma ta kwana uku.

Ka ga ba mugunta ta kai shi ba, godiya ce ta yi masa yawa, ya zarce. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.