Igiyar Korar Jan-baki

Gwaggo Yalwa, ƙanwar babana, ita ta fara ba ni wannan misalin, kaina na kan cinyarta tana yi min kitso. Kai kuma Ilu, tunda kullum rediyo na manne da kunnenka, kana ba ni labarin ƙasa kaza ta fice daga ƙungiya, ƙasa kaza ta sallami sojan wancan ta ɗauko na wancan, kana tambayata wa ke da gaskiya, to rage muryarta ka saurara, angona. Ni ban riƙe sunayen ƙasashen nan ba, amma na san jan-baki.

Wai a wata fadama akwai manoman shinkafa, gona na jikin gona. Abokin gabansu guda ne, jan-baki, tsuntsun nan da ke tasowa kamar hadari idan shinkafa ta fitar da kai tana nono. Gida ɗaya ba ya iya masa. Sai kakanninsu suka ja doguwar igiya a kan sanduna, tun daga gonar farko har ta ƙarshe, suka rataya mata gwangwanaye da sakaina. A tsakiya suka kafa rumfa mai tsawo. Kowane gida da ranarsa. Ka hau, ka hangi tsuntsu ya karkato, ka girgiza igiya, fadama duka ta ɗauki ƙara. Wanda bai hau ba ranarsa, tararsa dami guda, sarkin noma ke karɓa ya raba wa waɗanda aka yi wa ɓarna. Dokar ke nan. Ba ta da yawa, amma ita ke cika rumbu.

Akwai wani mai 'yar gona kusa da rumfar, mutum mai haƙuri, abin da ya noma shi gidansa ke ci har wata damina. Wata shekara ranarsa ta faɗo daidai da naƙudar matarsa, naƙuda mai wuya, ya ɗora ta a amalanke ya nufi asibiti. Aka ci shi tara. Ya biya, doka ce. Daminar da ta biyo, wani da ya yi ƙarfi, ya saye gonaki har ya kusa cin rabin fadamar, ya ƙi hawa, ya ƙi aiko kowa, kuma ba sau ɗaya ba. Sarkin noma ya dubi rumbunan mutumin, ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri, babba ne. Ilu, kada ka yi saurin ganin laifin mai 'yar gonar nan. Ko ni ce, zuciyata za ta tafasa. Ya ɗauki lauje ya datse igiyar da ta ratsa gonarsa, ya ce tunda doka ta san fuska, shi ma zai nemi mai tsare masa tasa gonar.

Ya samo wani maharbi baƙo mai bindigar toka, suka shirya a kan kaso idan an yi girbi. Da fari abin gwanin sha'awa. Bindiga ta tashi, jan-baki ya watse, ya sauka a gonakin da ke bayansa. Masu gonakin kuwa igiyarsu ta mutu, na kan rumfa ya ja ya ja, gwangwaninsu shiru. Sai su ma suka ɗauko nasu maharbin. Babban mutumin ya ɗauko nasa har biyu. A harba nan tsuntsu ya tafi can, a harba can ya dawo nan, har ya gane ƙara ce kawai, ya riƙa tashi ya yi kewaye ya sauka abinsa. Maharba kowa ya kafa bukka a bakin gona, a kai fura, a kai tuwo, kullum albarushi ya yi tsada, kullum kaso na ƙaruwa. Ana cikin haka babban mutumin ya ƙara wa baƙon nan tayi, baƙon ya naɗe tabarmarsa ya koma can, daidai lokacin da shinkafa ke tsakiyar nono. Aka bar bawan Allah shi da matarsa da goyo, suna ihu suna jifa da hoge har muryarsu ta dishe. Da girbi ya zo, ƙaiƙayi ya fi ƙwaya. A hakan ma maharbin ya zo karɓar kason kwanakin da ya yi, bindiga a kafaɗa. Ƙara wurin wa? Sarkin noma tuni maganarsa ba ta ƙetare zaurensa. Babban mutumin ya yi asara shi ma, amma yana da tsohon rumbu. Ƙaramin, shekarar nan har irin shuka sai da suka dafa.

Shi ya sa Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwaggo ta ƙara matse min kitso ta ce, “Kowa zai ce mai lauje ne ya tsaga bangon. Ƙarya ne, 'yata. Ranar da sarkin noma ya sunkuyar da kai ya tsage.”

Lokacin da take ba ni misalin nan, kakanka ne mai unguwa, kuma dokarsa duk akuyar da ta yi ɓarna a gona a ɗaure ta a ƙofar gidansa sai an biya. A makon nan akuyar gidanmu ta cinye waken wata tsohuwa, kowa ya kama bakinsa don tamu ce. Washegari da sassafe na auna wa tsohuwar wakenta, na jawo akuyar da hannuna na ɗaure ta a turken ƙofar gida, inda duk mai tafiya rijiya zai gan ta. Tana ta kuka, kakanka na zaure yana kallo, bai ce a kwance ba.