Ƙunshin Lakar Fadama

Kai da kake yamutsa fuska don an ce ka shafa laka a jikinka, gyara zama ka ji misalin wata mai daddawa.

Shekara talatin da 'yan kai tana dafa kalwa, tana murza ta da toka, tana wankewa, har hannuwanta suka gaji da ita. Bayan hannun ya yi kaushi, tafin ya tsattsage, yatsun kuwa in sanyi ya sauko sai da ƙyar suke lanƙwasuwa. An kai ta asibiti, aka ba ta man shafawa, aka ce ta huta da taɓa toka. Man ta shafa, zancen hutun ne ta ce kunnenta bai ji da kyau ba. Abin bai dame ta ba sai ranar da aka aiko cewa 'yarta ta fari za ta zo gida goyon ciki nan da wata biyu. Ka san 'yar fari. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba, da aka yaye ta kuma kakarta ta ɗauke ta. Ta riƙe kunyar nan yadda ta tarar ana riƙe ta, amma Allah kaɗai ya san abin da ta haɗiye. Jika kuwa babu kunya tsakaninka da shi, don haka shekara ashirin take jiran ranar da za ta ɗora jikanta a cinya ta yi masa wanka da hannunta. Sai ga ƙanwar mijinta ta dubi hannun, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Yaya, wannan ai sai ya kankare fatar jariri. Ki bar mini wankan." Ta yi dariya tare da kowa, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Mijinta manomin fadama ne, mutum marar yawan magana. Tun aurensu take tare shi a zaure da butar ruwa, wai kada ya shigo mata gida da ƙazantar fadama. Amma tsohon nan, duk da shekarunsa, ko faso babu a ƙafarsa. Ya ga idonta ya yi ja, ya dubi hannunta ya gane. Washegari ya shiga can ƙuryar fadama inda ruwa ba ya ƙafewa, inda ganyen bado da kainuwa suka shekara aru-aru suna ruɓewa a ƙasa, ya nutsa hannu har kafaɗa ya ɗebo baƙar lakar nan mai santsi. Ya tsince tsakuwa da saiwa, ya dafa ta a kasko, ya bari ta huce ta koma ɗumi, ya ajiye a gabanta. Ta toshe hanci ta ce, "Malam, tsufa ne ko raini?" Ya miƙo mata tafin ƙafarsa kawai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu.

Ranar farko aikin banza suka yi. Ya kawo lakar ne bayan ya taso daga gona, ko bushewa ba ta yi ba aka kira la'asar, alwala ta tafi da ita. Tsoho ya yi tunani ya ga babu lokacin da hannun musulmi yake daɗewa bai taɓa ruwa ba da rana kamar daga hantsi zuwa azahar. Lokacin nan kuwa shi ne zuciyar aikin manomi, amma ya bar rakensa ya jira. Kullum da hantsi zai zauna a kan turmi, ya kama hannun matarsa, ya bi kowace tsaga da laka a hankali, ya naɗe da ganyen ayaba ya ɗaure. Hannu ya ɗauru, ba taɓa toka, ba wanke-wanke. Shi zai iza wuta, shi zai gyara mata ɗankwali in ya zame, shi zai ɓare goro ya sa mata a baki, tana faɗa tana tauna. Maƙwabta suka samu abin tsokana, wai tsoho ya sake sa amaryarsa a lalle. Ni dai ban sani ba ko lakar ce ta yi aiki, ko hutun da likita ya ce ne laka ta tilasta mata, Allah ne mai warkarwa. Abin da aka gani shi ne tsagar ta haɗe, kaushin ya zube, yatsun suka saki.

Yarinya ta zo, ta sauka lafiya, namiji. Ƙanwar miji ta haɗa ruwa a ƙwarya, ta dubi hannun yayarta, sai ta miƙa mata soso ta ja gefe. Sabuwar kaka ta ɗora angonta a cinya ta wanke shi tas, tana yi masa tsiya wai ya zo ba ko sisin cefane. Da ta naɗe shi ta miƙa wa uwarsa, hannunsu ya haɗu. Yarinyar ta riƙe hannun, ta shafa shi, ta ce a hankali, "Inna, ashe haka hannunki yake." Ba ta taɓa sanin taushinsa ba sai ranar. Uwar ta kawar da kai don kunya, hawaye na zuba, amma ba ta janye hannun ba.

To, ka ji. Kafin ka sake raina abu don muninsa, ka tuna Hausawa sun ce a baƙar tukunya ake fitar da farin tuwo.