Jajayen Tsuntsaye

Gida na huɗu ke nan da matar ta shiga a Dandamisa tun safe, kuma a nan ma ruwa ta roƙa.

Damina ce ta shekarar 1953. Ba wanda ya san ta. Ta ce sunanta Sabuwa, daga Kudan take. Nono ya jiƙa mata zane a ƙirji, amma ba goyo a bayanta. Da Ummuhani, matar gidan, ta tambaye ta ina jaririn, sai ta ce, "Ya koma," ta miƙa hannu a ba ta ɗan Ummuhani ta ɗauka.

Yaron ya kwana shida ba lafiya. Ciki ya ɗaure, ba ya kama nono, jiya har jijjiga ya yi. Sabuwa ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da shi ta yi sallama.

Bayan fitarta aka nemi abin wasansa aka rasa. Ɗan tsuntsu ne na itace mai jan fenti, irin wanda wani ɗan koli ya zagaya da su kasuwannin Maƙarfi da Ikara bara. Yaron yana haƙora, kullum abin na bakinsa.

Kafin azahar magana ta gama gari. Duk gidan da baƙuwar ta taka akwai yaro a kwance. Wani falke ya ce an gan ta a Kurmin Kogi, can ma an binne yara biyu. Kalmar maita ta fara yawo daga zaure zuwa zaure.

A bakin rafi aka tare ta. Ba ta gudu ba. Dutse ɗaya ya same ta a goshi kafin dattawa su shiga tsakani, aka tasa ta gaba zuwa ƙofar Dagaci Tukur, tana rungume da ƙunshinta.

Ranar ce Malam Ashafa, malamin asibiti, ya zo yi wa yara lambar rigakafi daga Maƙarfi a kan kekensa. Shi ya kwance ƙunshin. Jajayen tsuntsaye suka zube a kan tabarma, kowanne da shatin haƙora, wasu an tsotse su har farin itacen ya fito. Ya ɗauki ɗaya ya kankara da farce, fuskarsa ta canza.

"Ranka ya daɗe, wannan fentin ƙarafan gada ne," in ji shi. "Akwai gubar dalma a ciki. Likita a Zariya ya yi mana gargaɗi a kansa. Yaro ya yi ta tsotsa, sai ta taru masa a jini. Matar nan ciwon take kwashewa daga gidajenku."

Wanda ya yi jifan ya sulale. Ummuhani ta yi lulluɓi ta ruga gida ta goyo ɗanta, don Ashafa ya ce a kai shi Zariya yau ɗin nan.

Dagaci ya sa aka wanke wa Sabuwa goshi. Ya ba ta haƙuri a gaban jama'a, ya kuma rantse duk wanda ya shafa wa abin wasan jarirai wannan guba, in ya shigo hannu, sai ya kwana gaban alƙali.

Sabuwa ba ta ɗago ba. Tana jera tsuntsayen bibbiyu, leɓenta na motsi.

"Saura huɗu," ta ce.

Ashafa ya dube ta. "Baiwar Allah, ya aka yi kika san adadinsu?"

"Talatin ne, Malam. Mijina ya sassaƙa, ni na shafa musu fentin da hannuna, na zaɓi wanda ya fi kyau na ba ɗana."