Takarda Ba Suna

Gumsu ta zauna a bakin kujera, ba ta ko sassauta mayafinta ba.

Zuwanta na huɗu ke nan wurin Malama Umaima, wadda ta buɗe ofishin ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a bayan kasuwar kifi ta Haɗejiya. Da farko likitar mahaukata ake ce mata, masu zuwa sai sun waiga kafin su shigo. Yanzu, bayan shekara biyar, magidanta ne ke kawo iyalansu daga Miga da Guri a zauna a yi magana. Ƙanwarta Jannatu, wadda Umaima ta riƙe tun tana firamare, ita ke zama a ɗakin gaba tana karɓar baƙi. Ita ce ma ta roƙa a riƙa shigar da Gumsu ba layi.

Ba don kanta Gumsu ke zuwa ba. Matar yayanta ce, in ji ta. Yayan ya rasu a hatsarin mota, ya bar ta da yara biyu, kuma tun daga nan ba ta koma daidai ba. Tana zuba abincinsa ta rufe har ya lalace. Ta hana a taɓa kayansa. Sau biyu tana mance yara a makaranta. In an yi mata magana sai ta ce lafiyarta ƙalau.

Umaima tana ji tana gyaɗa kai. Ta san rashi. Bara da ambaliya kwalekwale ya kife da mijinta Adam a hanyar gonarsa ta shinkafa a Auyo. Washegarin fita takaba ta dawo aiki, kowa na yaba juriyarta. Wayoyi biyu ne a teburinta. Ta kife wadda ke ƙara, ta gyara wa ɗayar, ta marigayin, zama a caji.

"Ki kawo ta," ta ce. "Ba na yanke hukunci a kan wadda ban gani ba."

"Ba za ta zo ba, Malama. Mai ilimi ce, ba ta jin maganar kowa."

Jannatu ta leƙo. "Yaya, na ɗauko su Amira daga makaranta." Umaima ta dubi agogo, ta yi mamakin gudun lokaci; tuni lokacin ɗauko 'ya'yanta ya wuce.

Sai Gumsu ta fashe da kuka. Mazan gidansu, ta ce, ba sa ɗaukar maganar mace. Cewa suke shagwaɓa ce, ko a kai ta a yi mata ruƙiyya. Amma in suka ga takarda mai hatimi za su yarda ciwo ne, su nema mata magani, su riƙe mata yaran ta samu ta huta.

Umaima ta ƙi. Mako na gaba ma ta ƙi.

Ranar Laraba suna cin abincin rana Jannatu ta ajiye cokali. "Yaya, in wani abu ya sami yaran matar nan, anya za ki yafe wa kanki?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Da Gumsu ta dawo, Umaima ta ɗauki biro. Ta rubuta cewa bisa bayanin da ta samu, alamomin na nuna matsananciyar damuwa bayan rashi, mai ita na bukatar magani, kuma zai fi kyau dangi su kula da yaran har ta samu sauƙi.

"Sunanta fa?"

"Don Allah a bar wurin, Malama. Garin nan ƙarami ne, rufin asiri muke nema."

Wannan ya burge Umaima. Ta ja layi a gurbin suna, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Gumsu ba ta sake zuwa ba.

Bayan mako biyu Abdulfattah, yayan marigayi Adam, ya kira ta. Ya ce ta zo Auyo ran Asabar da yaran, za a yi maganar girbi. Tun bayan rasuwa yake son gonar ta koma hannunsa, ita kuwa tana cewa ta marayu ce, kuma tunda suna hannunta ita za ta kula da ita. Amma yau muryarsa da taushi. Ta ji daɗi, don ɗansa na neman auren Jannatu, ba ta son gaba ta shiga tsakani.

Jannatu ta ce kanta na ciwo, ta zauna a gida.

Babur ya sauke su a bakin ruwa. Umaima ta riƙe hannun yaran gam, ta shiga kwalekwale karo na farko tun bara, idonta a kan ƙafafunta har suka haye.

Suna isa mata suka janye yaran cikin gida. Zaure cike yake: dattawa, liman, da wani mutum mai jakar takardu. Ta ƙofar ciki ta hango Gumsu ɗauke da kwanon ruwa. Ashe 'yar yankin nan ce. Umaima ta kawar da kai kamar ba ta taɓa ganinta ba, don sirrin mai zuwa wurinta amana ne.

Abdulfattah ya yi gyaran murya.

"Maman Amira, ki yi haƙuri. Yara za su zauna a nan, gona kuma ni zan riƙe musu, har Allah Ya ba ki lafiya. In kin ƙi, sai a gaban alƙali."

"Lafiya? Yaya, wa ya ce ba ni da lafiya?"

"Ba mu muka faɗa ba. Masana ne."

Mai jakar ya miƙo mata takarda. Ta ga hatiminta, ta ga sa hannunta, ta ga kalmominta ɗaya bayan ɗaya. A kan layin da ta bari fili an rubuta Umaima Adam, da rubutun Jannatu, wanda ita da kanta ta kama hannunta ta koya mata.