Gurbi Biyu a Motar Gyaɗa

Da direban ya fito zaure ya iske yaran gidan kakaf a jere, kowa da ƙunshin guzurinsa, sai ransa ya ɓaci. Gurbi biyu tak mai motar ya yarje masa a gaba.

Tun kaka yake wannan shiri. In ya sauke buhunan gyaɗa a Kwatano, can bakin teku, zai ƙetara da yara wani tsibiri, su yi mako guda suna shan ruwan kwakwa. Don ɗiyarsa ta fari ya ƙulla komai, ita da ta ishe shi da tambayar ko teku ya fi tabkin Tasawa girma. To amma kun san kunyar ɗan fari. Ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zaɓe ta a idon jama'a.

Ya yi tsaki, ya kewaya motar, ya shuri taya. Can ya nuna ƴaƴan wansa biyu.

"Ku hau."

Ɗiyar tasa ta sunkuyar da kai, ta soma kwance ƙunshinta.

Wan nasa ya taso daga tabarma yana gyara hula.

"Kai dai ba ka iya zaɓe ba. Wannan mai ƙaton cikin za ka kai teku, ya shanye wa mutane ruwa?"

Ya dubi nasa ɗan farin, bai kama suna ba.

"Kai, wancan, sauko."

Ya ɗauki ɗiyar ƙanen nasa cak, ya aje ta kusa da taga.

"Ɗiyata za ta tafi."