Hadarin Ranar Wasan Ƙarshe

Ranar Juma'a aka tashi da hadari a Riyad, ranar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙasashe. Bashari direba yana da tikiti biyu a wayarsa, nasa da na Hindatu wadda zai aura.

Sai ga kiran amininsa Shakir, injiniyan lantarki.

"Mutumina, kar ka fita. An ce wata tashar nukiliya ta yi yoyo, hadarin nan guba ya ɗauko. Turo min tikitin in mayar wa masu sayarwa."

Bashari ya kira Hindatu, da yake ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Wallahi haka ne, mu ma a asibiti an ce mu zauna cikin shiri."

Wa zai ja da masu ilimi? Ya tura tikitin, ya liƙe tagogin ɗakinsa na unguwar Batha da salatif, ya kunna talabijin.

Fili ya cika maƙil. Ana jefa ƙwallon farko kyamara ta hasko 'yan kallo, sai ga Shakir da Hindatu suna tsalle cikin ruwan saman, ko lema babu.

Ruwan bai kashe kowa ba. Bashari dai ya rasa tikiti biyu, amini ɗaya, budurwa ɗaya, da salatif naɗi uku.