Hita Mai Hura Sanyi

Da sanyin hunturu, Mahdi ya murɗa maɓallin hitar ɗumama mota har ƙarshen ja, motar ta huro masa iska kamar an buɗe firji. A gefensa Alhaji Joda, mahaifin Khaulat, ya ƙara jan bargo kan gwiwoyinsa.

Tsohon dai har yau bai ba Mahdi amsar neman auren Khaulat ba. Da Mahdi ya ji labarin sanyin ƙashi ya tasar wa tsohon, shi ya kai kansa da cewa zai kai shi asibiti Azare, don a ga irin surukin da za a samu. Ya cika baki a zaure cewa motarsa kai tsaye daga Kwatano take, babu ɗan ƙasar nan da ya taɓa zama a kujerarta. Bai ga dalilin faɗin cewa a bayan wata tasha ya karɓe ta ba, fenti bai gama bushewa ba, takardu kuma har yanzu wai suna hanya.

Ga shi ko unguwar Yerimaram ta Potiskum ba su fita ba, haƙoran dattijo sun fara kaɗawa. Mahdi ya tsaya, ya zare fis ya hura ya mayar, ya ƙara ruwa a lagireto, ya bubbuga gaban motar yana murmushin da bai kai ciki ba. Alhaji Joda ya miƙa hannu ƙasan kujera, ya ɗan girgiza ta gefe, ta ja baya sumul. Kujerar nan Mahdi ya daɗe da haƙura da ita, ya ɗauka a maƙale aka ƙera ta.

Dole aka biya garejin Idi bakanike a unguwar Dogo Nini. Bonet ya ƙi buɗuwa, Mahdi na ta kokawa da shi yana gumi a cikin sanyi.

"Danna shi ta hagu tukuna, ɗana," in ji tsohon daga cikin mota.

Ya danna, ya buɗu. Mahdi ya yaba wa hikimar manya, har da jinjina.

Idi ya taɓa tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin hita, ya ji su sanyi ƙalau, ya bi su da hannu, sai ya fashe da dariya. An cire su daga mazauninsu an haɗe bakinsu waje guda, yadda ake yi a nan idan hita ta fara yoyo, tunda wa ke tuna ta a zafin Potiskum. Maimakon ƙarfen matsewa kuma, da guntuwar igiyar ɗaure maraƙi aka tamke su.

"A Kwatano ma ashe ana kiwo," Idi ya ce.

Kunya ta kama Mahdi, ya rasa inda zai sauke ta sai kan wanda ba ya nan. Ya ɗaga murya don Alhaji ya ji. Ya ce wannan aikin baƙauye ne, jaki, wanda bai san bambancin inji da turken shanu ba. Irin waɗannan, in ji shi, ko amalanke bai kamata a ba su ba. Har ya roƙi Allah Ya haɗa shi da mutumin ya faɗa masa ido da ido.

Alhaji Joda ya sauko a hankali yana dogara sanda. Ya leƙa injin, ya daɗe yana shafa ƙullin igiyar da babban yatsa. Sannan ya zaro makullin daga jikin motar ya jefa a aljihun rigarsa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, addu'arka ce ta karɓu," in ji tsohon. "Ni na ɗaura igiyar nan a hanyar Gashuwa, lokacin motar tana da farin fenti, kafin a sace mini ita a kasuwar shanu."